Da'awar Baiwar Ɓoye da Ma'aunin Hujja a Kimiyya

Masu bincike sun kasa da'awar baiwar ɓoye gida huɗu. Akwai mai cewa yana karanta abin da ke zuciyar wani ba tare da an yi magana ba. Akwai mai cewa yana ganin abin da ke ɓoye ko abin da ke nesa, kamar rubutun da ke cikin ambulan a rufe, ko abin da ke faruwa a wani gari. Akwai mai cewa yana sanin abu kafin ya faru. Na huɗu shi ne mai cewa yana motsa abu ko lanƙwasa ƙarfe da tunani kawai. Babu al'ummar da ta rasa masu irin wannan iƙirari, kuma a ƙasar Hausa ana samunsu cikin bokaye da 'yan duba da masu bugun ƙasa. Amma a Turai da Amurka ne aka shigar da da'awar ɗakin gwaji, aka shafe fiye da shekara 140 ana aunata, saboda haka can ne yawancin bayanin wannan lacca zai karkata.

Akwai iyakar da ya kamata a shata tun farko. Kimiyya ba ta da ma'aunin da za ta ɗora wa mu'ujizar annabawa ko karamar waliyyai, domin waɗannan al'amura ne na imani, kuma ba wanda ya ce ana kiransu su zo a ranar da aka ga dama. Abin da take iya taɓawa shi ne da'awar da mai ita ya ce yana iya maimaitawa, kuma sakamakonta yana ƙirguwa. Mutumin da ya ce zai faɗi katin da ke kife a kan tebur ya riga ya kawo maganarsa inda za a iya cewa ya dace ko ya kuskure. A nan ƙa'idar da kowane alƙali ya sani take aiki, wato mai da'awa shi ke kawo hujja. Ba a ɗora wa mai shakka nauyin tabbatar da cewa baiwar babu ita, kamar yadda ba a neman wanda aka yi ƙara ya fara kawo shaidun cewa bai ci bashi ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce nauyin hujja ya yi daidai da girman da'awa. David Hume na Sikotland ya zayyana wannan ra'ayi a 1748, kuma masanin taurari Carl Sagan ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 20. Masu goyon bayan baiwar ɓoye sukan ga rashin adalci a ciki. Sukan ce me ya sa hujjar da ta isa a karɓi sabon magani ba ta isa a karɓi maganarsu ba? Amsar ita ce sabon magani bai rushe komai daga abin da aka riga aka sani ba, ita kuwa wannan da'awa ta yi karo da tarin ilimin da aka gwada sau babu adadi. Duk saƙon da aka sani, sauti ne ko haske ko igiyar rediyo, yana raunana da nisa kuma ana iya tare shi, amma ana cewa saƙon zuci bai san nisa ba, bai san bango ba. Sanin gobe kuwa yana nufin sakamako ya riga sababinsa zuwa. Idan gwaji guda ya nuna haka, abu biyu ne: ko dai dokokin kimiyyar lissafi da yanayin halitta suna da babban giɓi, ko kuma an yi kuskure a gwajin. Na biyun kullum yana faruwa a ɗakunan gwaji na duniya. Wannan ba rufe ƙofa ba ne. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun ce ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, abokan aikinsu suka yi musu kallon masu shirme. Da wasu suka maimaita binciken a wurare daban-daban suka sami abu guda, sai aka sallama, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Baƙuwar magana tana samun shiga muddin tana maimaituwa a hannun wanda bai yarda da ita ba.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a yawancin harkokin rayuwa haka ne. A wannan fage kuwa, ganin ma sai an bincike shi. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa jarrabawar hali, daga baya ya miƙa wa kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi kowa ya ba bayanin maki daga sifiri zuwa biyar gwargwadon yadda ya dace da shi. Matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Sai ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma jimlolin daga littafin duban taurari na kasuwa ya tsinto su, irin su cewa mutum yana son a ƙaunace shi, yana yawan zargin kansa, yana da basirar da bai gama amfani da ita ba. Ɗan duban da ya ce wa baƙo akwai wani na jikinsa da ke masa hassada, ko akwai wata tafiya a gabansa, da irin wannan jari yake aiki. Maganar ta dace da kusan kowa, mai sauraro ne ke cika ta da sunaye da ranaku daga rayuwarsa, sannan ya fita yana rantsuwa cewa an gaya masa abin da ba wanda ya sani. Abin da aka dace yana zama a rai, abin da aka kuskure yana bin iska.

Ga kuma lissafin yawa. Abin da ke faruwa ga mutum ɗaya cikin miliyan a rana, a ƙasa irin Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 zai faru fiye da sau 200 kafin gari ya sake wayewa. Wanda ya yi mafarkin rasuwar ɗan'uwansa kuma ta tabbata zai ba da labarin har ƙarshen rayuwarsa. Dubban da suka yi irin mafarkin ba abin da ya faru ba su da labarin bayarwa.

Saboda raunin shaidar baki ne aka koma ga gwaji, kuma kowace ƙa'idar gwaji da ake bi a yau tana da wata kafa da aka gano sannan aka toshe. Ta farko an gano ta a birnin Faris a 1784. Likita Franz Mesmer ya yi suna da cewa akwai wani ƙarfi marar ganuwa, mai kama da na maganaɗisu, da yake sarrafawa ya warkar da mutane, kuma marasa lafiya suna faɗuwa suna shure-shure a gabansa. Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti, cikinsa har da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier. Ba su tsaya musu a kan ko mutane suna faɗuwa ba, domin kowa yana gani. Tambayarsu ita ce me ke kayar da su. A lambun gidan Franklin, almajirin Mesmer mai suna Charles d'Eslon ya zuba wa wata bishiya ƙarfin nasa, aka ɗaure idon wani yaro ɗan shekara 12 aka riƙa kai shi gaban wasu bishiyoyi daban. Yaron ya ce yana jin abin yana ƙaruwa, kuma a bishiya ta huɗu ya suma, alhali ba wadda aka taɓa cikinsu. An ɗaure idon mata aka ce musu ana yi musu aikin, suka faɗi, alhali ba wanda ke yi musu komai. An yi musu aikin a ɓoye ba su sani ba, ko gezau. Kwamitin ya ce ƙarfin babu shi, zato ne ke aiki. Daga nan aka gaji dabarar hana wanda ake gwadawa sanin abin da ake yi masa, wadda a yau ake bi wajen gwajin magunguna.

Kafa ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin mai gaskiya ma yana faɗawa. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi yayin zama a kewaye tebur a ɗora hannu, teburin ya riƙa juyawa, a ce ruhohin matattu ne. A 1853 Michael Faraday ya shimfiɗa kwalaye masu zamewa tsakanin hannayen mutane da teburin, ya haɗa su da wani tsinke mai nuna wanda ya fara motsi. Tsinken ya nuna hannaye ne ke riga tebur. Da ya sa tsinken inda masu zaman suke ganinsa, sai teburin ya daina motsi. Ba maƙaryata ba ne, turawa suke yi ba su sani ba. Labarin wani doki na birnin Balin, Hans mai wayo, ya ƙara fito da abin fili. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imani dokin yana lissafi, yana ba da amsa da bugun kofato, kuma wani kwamiti a 1904 bai sami wata yaudara ba. Oskar Pfungst ne ya gano bakin zaren, ya buga sakamakonsa a 1907. Idan mai tambaya ya san amsar, dokin yana dacewa kusan sau tara cikin goma. Idan bai sani ba, dacewar tana faɗuwa zuwa kashi 6 cikin ɗari. Dokin yana kallon ɗan sunkuyon mai tambaya ne da ɗan ɗagowar kansa idan bugun ya kai adadin, sai ya tsaya. In dabba tana iya karanta alamar da mai yin ta bai san yana yi ba, ɗan Adam ya fi. Darasin shi ne mai gudanar da gwaji ma kada ya san amsa.

Cikin wannan yanayi aka kafa ƙungiyar binciken al'amuran ruhi a Landan a 1882, ƙarƙashin shugabancin masanin falsafa Henry Sidgwick na Kambirij. Ya kamata a yi musu adalci: yawancinsu suna fatan baiwar ta tabbata, duk da haka su da kansu suka tona asirin mutane da dama da suka fara yarda da su. A 1884 Charles Richet na Faransa, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a fannin likitanci, ya kawo wani sabon abu. Ya sa mutane canka katin karta, ya gwada yawan dacewarsu da abin da lissafi ya ce sa'a kaɗai za ta bayar.

Wanda ya mai da wannan dabara sana'a shi ne J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka, daga farkon shekarun 1930. Abokin aikinsa Karl Zener ya tsara masa kati 25 masu alama biyar: da'ira, gicciye, layuka masu lanƙwasa, murabba'i da tauraro, kowace alama kati biyar. Mai canka ba tare da wata baiwa ba zai dace sau biyar a matsakaici, wato kashi 20 cikin ɗari. Rhine ya buga littafi a 1934 yana cewa ya sami mutanen da suke zarce haka nesa ba kusa ba, musamman wani ɗalibi mai suna Hubert Pearce. Duniya ta ɗauka. Amma da masana suka shiga duba yadda aka yi, sai kafofi suka riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya. Wasu katunan da aka buga ana iya hango alamarsu ta baya idan haske ya faɗa musu ta gefe. A wasu gwaje-gwajen mai canka yana ganin fuskar mai riƙe da katin, a wasu ma yana taɓa katin. Garwaya kati da hannu ba ta warwatsa su sosai. Masu rubuta sakamako suna kuskure, kuma kuskuren yakan karkata wajen abin da suke fata. Sannan ga zaɓe. Lissafi ya nuna idan aka gwada mutum 100 waɗanda ba su da komai, kimanin biyar za su dace sau tara ko fiye cikin 25 da sa'a tsagwaronta. Idan aka ware waɗannan biyar aka kira su masu baiwa, aka sallami sauran, an ƙirƙiri abin mamaki daga babu. A zagaye na gaba makinsu zai sauko, kuma hakan aka yi ta gani. Rhine ya fassara shi da cewa baiwar tana dusashewa da gajiya. Mai lissafi zai ce sa'a ce ta koma mazauninta. A Jami'ar Princeton, W. S. Cox ya gwada mutum 132, canka fiye da dubu 25, a 1936 ya ba da rahoton bai ga komai ba.

Bayan kuskure sai ha'inci. Gwajin da aka daɗe ana kafa hujja da shi a Ingila shi ne na masanin lissafi S. G. Soal da wani mai ɗaukar hoto, Basil Shackleton, tsakanin 1941 da 1943. A 1978, bayan rasuwar Soal, Betty Markwick ta bi jerin lambobinsa da kwamfuta ta nuna an yi musu cushe a wuraren da suke ƙara yawan dacewa. A 1974 kuma ma'aikatan cibiyar Rhine suka kama daraktanta, Walter Levy, yana taɓa na'urar da ke rubuta sakamakon wani gwaji da ɓeraye. Rhine da kansa ya sanar da duniya, abin da ya cancanci yabo. Ha'inci yana faruwa a kowane fanni na kimiyya, amma a sauran fannoni idan aka cire na maha'inci akwai ginin da ya rage. A nan kuwa manyan ginshiƙan ne suka faɗi.

Wani darasi da masana suka koya da wuya shi ne digiri ba ya kare mutum daga rufa-ido. Masanin sinadarai ya saba da abubuwan da ba sa yaudara, sinadari ba ya jiran a juya baya. A farkon shekarun 1970 Uri Geller ya shahara da lanƙwasa cokali, har masana biyu na cibiyar bincike ta Stanford, Russell Targ da Harold Puthoff, suka buga rahoto a kansa a mujallar Nature a 1974. Masu dabo suka ce duk abin da yake yi suna yi, kuma suka yi a bainar jama'a. James Randi, wanda dabo ne sana'arsa, ya shirya abin da ya kira Shirin Alfa don ya nuna girman matsalar. A 1979 attajiri James McDonnell ya ba da dala dubu 500 aka buɗe ɗakin binciken baiwar ɓoye a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Randi ya aika wa masu ɗakin jerin matakan kariya, ya kuma tura samari biyu masu dabo, Steve Shaw da Michael Edwards, su je a matsayin masu baiwa, da sharaɗin idan aka tambaye su kai tsaye ko yaudara suke yi su faɗi gaskiya. Dabarunsu ba su da zurfi. Alal misali an auna cokula an liƙa wa kowanne lamba a jikin zare, sai su musanya lambobin, idan aka sake awo a ga kamar cokalin ya canza. Sun daɗe ana ɗaukarsu da gaske. Da raɗe-raɗi ya kai kunnen masu binciken a 1981 suka tsaurara tsaro, sai baiwar ta ɓace. Randi ya fasa ƙwan a 1983, kuma an rufe ɗakin bayan shekara biyu.

Randi ya kuma sa kyautar kuɗi ga duk wanda ya nuna baiwa a ƙarƙashin sharuɗɗan da shi da mai da'awar suka amince da su tun kafin a fara. Daga dala dubu ɗaya a 1964 ta kai dala miliyan ɗaya a 1996, aka rufe ta a 2015 ba wanda ya ci. Masu shakka sukan cika baki da wannan fiye da kima. Gasa ba bincike ba ce, kuma ba za ta iya kama ƙaramin tasiri da sai an tara dubban gwaji yake bayyana ba. Abin da ta nuna shi ne masu manyan da'awa, masu cewa suna gani ƙarara, ba sa iya yi idan an toshe kafofi.

Shi ya sa muhawarar gaske ta koma kan ƙaramin tasiri, kuma gwajin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wanda Charles Honorton ya inganta tun shekarun 1970. Ana kwantar da mai karɓar saƙo a kujera mai laushi cikin ɗakin da sauti ba ya shiga. A raba ƙwallon tebur gida biyu a kifa masa a idanu, a haska jar fitila, a sa masa abin ji a kunne mai shuuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Manufar ita ce a kwantar da gani da ji, ko saƙon zuci zai sami hanya. A wani ɗaki mai aikawa yana kallon hoto yana ƙoƙarin tura shi da tunani, na kimanin rabin sa'a. Daga nan a nuna wa mai karɓa hotuna huɗu ya zaɓi ɗaya. Sa'a za ta ba da kashi 25 cikin ɗari. Honorton ya tara gwaje-gwajen farko ya ce sun zarce haka. Ray Hyman na Jami'ar Oregon ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya nuna matsaloli: a wasu, hoton da mai aikawa ya riƙe da hannunsa shi ake sakawa cikin huɗun, da alamar yatsa ko lanƙwasa a jikinsa, a wasu ba a yi ƙuri'ar zaɓen hoto yadda ya kamata ba, kuma ba a san adadin gwaje-gwajen da suka faɗi aka jefa a aljihun tebur ba a buga ba. Abin sha'awa shi ne a 1986 mutanen biyu suka zauna suka fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da sharuɗɗan da gwaji na gaba zai cika. Honorton ya gina tsarin da kwamfuta ke zaɓen hoto, kuma rahoton da ya fito a 1994 da sunansa da na Daryl Bem ya nuna dacewa kashi 32 cikin ɗari. A 1999 Julie Milton da Richard Wiseman suka haɗa gwaje-gwaje 30 da wasu ɗakuna suka yi daga baya, suka ga tasirin bai bambanta da sa'a ba. Masu goyon baya sun sake nasu haɗin suka ce yana nan. Har yau amsar tana canzawa gwargwadon gwajin da aka saka a lissafi da wanda aka cire, kuma ana yanke wannan shawara ne bayan an riga an ga sakamako.

Gwamnatin Amurka ma ta gwada sa'arta. Daga farkon shekarun 1970 hukumomin leƙen asirinta sun kashe kimanin dala miliyan 20 a kan masu cewa suna ganin nesa, shirin da a ƙarshe aka sani da Stargate. David Marks da Richard Kammann na ƙasar New Zealand sun duba rubutattun bayanan gwaje-gwajen farko suka tarar da alamomi a ciki, kamar ambaton wurin da aka je jiya, waɗanda za su taimaki mai hukunci ya haɗa bayani da wuri ba tare da wata baiwa ba. A 1995 aka ba masaniyar ƙididdiga Jessica Utts da Ray Hyman su tantance shirin. Utts ta ce alƙaluman sun nuna akwai wani abu, Hyman ya ce ba su isa ba. A kan abu ɗaya rahoton bai yi kwana-kwana ba: ba a taɓa samun bayanin da aka yi aikin leƙen asiri da shi ba. A shekarar aka rufe shirin.

Akwai wata ɗabi'a a wannan fanni da ta fi kowane sakamako damun masu shakka, wato tanadin uzuri ga kowace faɗuwa. Idan maki ya yi sama, baiwa ce. Idan ya yi ƙasa da sa'a, an ce baiwa ce ke kauce wa amsa. Idan ya fara sama ya sauko, gajiya ce. Idan mai shakka ne ya gudanar da gwajin bai ga komai ba, an ce shakkarsa ce ta kori abin. Da'awar da kowane sakamako yake gaskata ta ta fita daga hannun gwaji, domin ba a bar hanyar da za ta faɗi ba. An taɓa gwada uzurin ƙarshen nan kai tsaye. Wiseman mai shakka da Marilyn Schlitz mai goyon baya sun yi gwaji tare, a ɗaki ɗaya da kayan aiki ɗaya, a kan ko mutum yana jin ana kallonsa ta kyamara. A karon farko ita ta sami tasiri shi bai samu ba. A karo na uku, wanda suka buga a 2006, ba wanda ya samu.

Babbar girgiza ta zo a 2011, lokacin da Daryl Bem na Jami'ar Cornell, wanda ake girmamawa a fanninsa, ya buga gwaje-gwaje tara da mutum fiye da 1,000 a ɗaya daga cikin manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, yana cewa mutane suna jin abin da bai faru ba tukuna. A gwajin farko ana nuna labule biyu a fuskar kwamfuta, a ce mutum ya zaɓi wanda hoto ke bayansa, kuma sai ya zaɓa sannan kwamfutar take jefa ƙuri'ar inda hoton zai kasance. Sa'a kashi 50 ce. A hotuna masu motsa sha'awa ɗalibansa sun dace kashi 53.1. Bem bai karya wata doka ta fanninsa ba, ya bi hanyoyin da kowa yake bi, kuma wannan shi ne abin tsoron. Ko dai ana jin gobe, ko kuma hanyoyin da kowa yake bi suna iya tabbatar da abin da babu shi. Stuart Ritchie da Wiseman da Christopher French sun maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen sau uku ba su ga komai ba, mujallar ta ƙi karɓar rahotonsu da hujjar ba ta buga maimaici, sai wata ta buga a 2012. A 2011 ɗin dai wasu masana uku, Simmons da Nelson da Simonsohn, suka nuna yadda 'yan ƙananan zaɓuɓɓuka, irin su yaushe za a daina tara bayanai, wane rukuni za a ware, wane ma'auni za a ba da rahotonsa, suke iya fito da sakamako mai kama da na gaske daga iska. A 2015 wata babbar haɗaka ta maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda ba ruwansu da baiwar ɓoye, kashi 36 cikin ɗari kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ma'aunin da aka ce an tsananta wa masu baiwar ɓoye da shi, ashe sauran ne aka yi wa sassauci.

Maganin da aka koma gare shi shi ne rajista kafin gwaji: mai bincike ya rubuta abin da yake nema, yawan mutanen da zai gwada da lissafin da zai yi, ya ajiye a inda ba zai iya canzawa ba, kuma a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Masu binciken baiwar ɓoye suna cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Martin Johnson na Jami'ar Utrecht ya fara karɓar irin waɗannan rahotanni a mujallarsa tun tsakiyar shekarun 1970, kuma da aka waiwayi mujallar a 2019 aka ga cikin hasashen da ba a yi wa rajista ba kimanin kashi 28 cikin ɗari sun yi nasara, cikin waɗanda aka yi wa rajista kuwa kimanin kashi 8.

Da wannan tsari aka sake gwajin labulen Bem a ƙarƙashin jagorancin Zoltan Kekecs na ƙasar Hangari. Masu goyon baya da masu shakka suka haɗu suka amince da tsarin da yadda za a fassara sakamako tun ba a gwada mutum ko ɗaya ba. Kowace amsa tana hawa intanet nan take inda kowa zai gani, kuma an sa masu sa ido daga waje suna bin diddigin aikin. An gwada mutum 2,115 a ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama, canka fiye da dubu 37. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna dacewa kashi 49.89 cikin ɗari. Hukuncin ya shafi gwajin farko na Bem ne kaɗai, bai shafi gwajin jar fitila da ƙwallon tebur ba, wanda masu goyon baya suke ci gaba da kafa hujja da shi.